E Ɗinmu Ba Yes Ɗinsu Ba Ne

An rushe ajinmu. Na gani da idona kwanakin baya, ina cikin adaidaita sahu za ni gaisuwar rasuwa a Gaya, har na ce wa yaron da ke tuƙi ya ɗan tsaya. Inda ginin jar ƙasar nan yake a da, mai tagogin katako da rufin kwano, yanzu jerin shaguna ne, wani na cajin waya, wani na sayar da lemo. Maɗacin da ake rataye kwangirin ƙararrawa a jikinsa ma an sare shi. Samari na zaune a kan benci suna hira, kalma biyu Hausa, ta uku Turanci, suna jefa shi yadda suka ga dama, ba wanda ya damu ko ya faɗi daidai. Na tsaya ina sauraron su, ban ji haushinsu ba, sai dai mamaki. Mu a zamaninmu Turanci ba abin hira ba ne. Tsoronsa muke ji. Kafin ka buɗe baki ka furta kalma guda sai ka juya ta a ciki, ka sake juya ta, gabanka na faɗuwa.

Ni ba don ana so aka sa ni makaranta ba. Dagacin Kademi ne ya aiko cewa kowane gida sai ya ba da yaro guda, kuma a gidanmu mu biyu ne muka isa: ni da Yayana. Yaya kuwa shi ne hannun daman Baba a gona. Shi ke huɗa, shi ke kai taki a kan jaki, shi ke kwana a gadin gyaɗa idan an cire. Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce a rubuta Uwani. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Kakarmu, wadda iyayenta daga gabas suka zo, ta yi ta faɗa da Barbarci kwana da kwanaki, ba mai jin abin da take cewa sai Baba. Daga ranar Yaya ya laƙaba mini Baturiya. Idan na dawo hutu ina surfe sai ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Baturiya, yaya ake ce wa taɓarya da yarenku?" In na ce ban sani ba, ya yi ta dariya, ya ce ashe asarar alli ake yi.

Da na kai manyan azuzuwa aka mai da ni Gaya, gidan Gwaggo, ƙanwar Baba. Da asuba in share tsakar gida, in ja ruwa a rijiya, in wanke tukwane, sannan in ci ɗumame a tsaye, don idan kwangiri ya yi kuka kina hanya, bulala na jiran ki a ƙofa. Malaminmu na Turanci dogo ne siriri, kullum da farin alli a gefen hularsa. Ba mugu ba ne, amma bai san wasa ba. Yana da kurakuran da ya tsana kamar ya ga kunama. Mu da muke da kalmar ara guda ɗaya, ko kai ka karɓa ko kai ka bayar, sai muka tarar Bature ya raba ta biyu, borrow daban, lend daban. Duk wanda ya ce borrow me your pen sai ya tsaya a kan benci. Muna shan magani, sai ya ce Bature ba ya drink ɗin magani, take yake yi. Muna jin wari, ya ce ba a hear ɗin wari, hanci ba kunne ba ne. Idan za mu fita mu ce I am coming, ya ce, "Ga ki kina tafiya, kina ce mini kina zuwa." Idan kuma ana karatu da ƙarfi, yana tsaye da rula a hannu: in an zo waƙafi ya buga tebur sau ɗaya, in an zo aya ya buga sau biyu. Yakan ce waƙafi numfashi ne, aya kuwa zama ce, wanda bai san wurin zama ba sai ya faɗi. Alamar tambaya mu lauje muke ce mata, saboda lanƙwasarta. Da zarar ka yi tuntuɓe, abu ɗaya za ka ji daga bakinsa: "Again." Ka koma farko. Yaran yanzu ina ganin saƙonnin da suke turo mini a waya, layi biyar ba waƙafi ba aya, sai na karanta sau biyu kafin in gane inda gaisuwa ta ƙare, inda roƙo ya fara.

Duk wannan horon, akwai rami guda da ba a taɓa nuna mana ba, kuma shi na faɗa.

Lokacin cirar gyaɗa ne, ranar babu makaranta. Ina daka a tsakar gidan Gwaggo da hantsi sai na ji sallamar Baba. Baba ba ya zuwa Gaya sai ranar kasuwa, kuma ba ya shigowa cikin gida kai tsaye. Ranar ya shigo har bakin turmi, babu hula a kansa. Na durƙusa zan gaishe shi, ya ce, "Tashi, Uwani. Ɗauko mayafinki. Maciji ya sari yayanki."

A hanya yake gaya mini sauran. Jiya da safe Yaya ya sa hannu zai juya tarin gyaɗa, kububuwa ta faɗo ta sare shi a ƙafa. An ɗaure ƙafar da igiya, an kira mai magani ya yi tsaga, ya ba shi jiƙo ya sha. Da daddare kamar ya samu sauƙi. Da gari ya waye sai aka ga jini a bakinsa, jinin tsagar kuma ya ƙi tsayawa. Wata motar gyaɗa ce ta taimaka ta kawo su. A ɗakin shan magani an ce akwai wata likita Baturiya da ta sauka, cikin masu zagayen yin lambar agana, kuma tana da allurar maciji. Amma malamin asibitin, wanda shi ne tafintanta, ya bi motarta zuwa Kano ɗauko kaya tun da sassafe. An nemi malaminmu, aka tarar ya hau kekensa ya tafi Ajingi wajen iyalinsa. Magatakardan hakimi yana rangadin haraji. Duk garin, a wannan hantsin, ba a samu mai jin Turanci ba sai ni.

"Kin dai iya ko?" in ji Baba, bai dube ni ba.

Na ce, "Na iya, Baba."

Yaya na kwance a kan tabarma a barandar ɗakin shan maganin. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana ƙyalli. Ya gan ni ya yi ƙoƙarin murmushi, sai na ga haƙoransa jajur. Ya ce, "Baturiya, yau ga ranarki."

Likitar ba tsohuwa ba ce, gajeriya ce, fuskarta ta yi ja saboda rana. Ta riga ta kwance igiyar, ta wanke ƙafar, ta ɗebi jininsa ta zuba a wata 'yar kwalba ta ajiye a kan taga. Da ta ji na gaishe ta da Turanci sai ta saki ajiyar zuciya. Ta ɗauko kwalbar ta karkata ta a gabana. Jinin ya gangara kamar ruwa. Ko ba a gaya mini ba na san jinin da ya daɗe haka a ajiye ya kamata a ce ya daskare, don na sha ganin na rago ranar Sallah. Ta buɗe wani akwati ta fito da ƙananan kwalabe na allura ta jera, sannan ta juyo gare ni. Maganarta ba irin ta Malam ba ce. Da sauri take yi, ta hanci, kalmomin na hawa kan juna.

"Has a snake bitten him before?"

Wannan na ji ta sarai, irin tambayar littafi ce: ko maciji ya taɓa saran sa a baya? Na tambayi Baba. Ya ce yana yaro wani ɗan ƙaramin maciji ya taɓa saran sa a bayan gida, aka ba shi jiƙo ya warke. Na ce mata, "Yes."

"He didn't have this injection then?"

Ta ɗaga 'yar kwalbar tana nuna mini. Na ɗan yi jim, don maganar ba ta fara yadda tambaya ke farawa a littafinmu ba, sai da na ji ƙarshenta ya ɗaga sama na gane laujen a muryarta yake. Na juya wa Baba: "Wai ba a yi masa wannan allurar ba a lokacin?" Baba ya ce, "E, ba a yi ba. Ina muka ga allura?" Na juyo na ba ta e ɗin Baba yadda ya ba ni. Na ce, "Yes."

Ta ɗan ɗaga gira. "And it didn't make him ill?"

Wai kuma ba ta sa shi rashin lafiya ba? Na ce a raina, allurar da ba a yi ba ta yaya za ta sa mutum ciwo? Gaskiyarta, ba ta sa shi ba. Ban ma tambayi Baba ba. Na ce, "Yes."

Sai na ga hannunta ya tsaya. Ta dubi Yaya, ta dubi kwalaben, ta yi wata magana ƙasa-ƙasa da ba da ni take ba. Ta buɗe jakarta ta zazzage, tana neman wani abu, ba ta samu ba. Sannan ta kwashe kwalaben ɗaya bayan ɗaya ta mayar cikin akwatin, ta rufe. Ta yi mini dogon bayani wanda ban tsinci komai a ciki ba sai mota, da Kano, da kalmar ƙarshe: "We must wait."

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce a jira."

"A jira me?"

"Motar da ta tafi Kano."

"Ba ga allurar nan ba? Na gan ta da idona."

Ni ma ban san dalili ba.

Muka zauna a barandar. Rana ta take, inuwar ta tsuke har ta bar ƙafafun Yaya a waje, muka ja tabarmar ciki. Gwaggo ta iso da kunu, ba wanda ya taɓa. Mutane suka fara taruwa nesa kaɗan, suna magana ƙasa-ƙasa. Ina jin wata tsohuwa na cewa ai Turawa ba sa ba talaka maganin kirki. Wani ya ce a mai da shi gida kawai, gara ya cika a ɗakinsa. Yaya yana tofar da jini a cikin wani kwano, ina zubarwa ina dawowa. Can na ga wani tsohon tabo a goshinsa, na faɗuwar da ya yi daga kan jaki tun muna yara, ya fara tsattsafo da jini. Tabon da ya warke shekara da shekaru. Likitar na fitowa ta taɓa hannunsa, ta leƙa hanya, ta koma. Kowace ƙarar mota muka ji sai kowa ya miƙe, sai a ga motar gyaɗa ce ta wuce.

Da aka kira azahar Baba bai tafi masallaci ba, a nan gefe ya yi sallarsa. Da ya sallame ya kira ni da hannu. Muryarsa a kwance take, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da in da tsawa ya yi.

"Uwani, matar nan ta ɗauko allura za ta yi. Kika yi magana, ta mayar. Me kika gaya mata?"

"Abin da ka ce, Baba."

"To ki koma ki ji abin da ita ta ji."

Na shiga. Tana zaune a kan kujera ta dafe kai. Na ce, "Please, give him." Ta girgiza kai. Na sake cewa, hawaye na zuba. Sai ta kama hannuwana biyu, ta yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai yi wa ƙaramin yaro: "If I give it to him again, it may kill him."

A cikin maganar nan duka, kalma guda ce ta tsaya mini a kunne. Again. Ita kam na san ta fiye da sunana. Ba a ce wa mutum again sai ya taɓa yin abu. Wato matar nan a zatonta an taɓa yi wa Yaya allurar.

Na ce, "Again, no. First time."

Ta zuba mini ido. "You said yes."

"Yes."

"So he has had it."

"No."

Ta saki hannuna ta miƙe, na ga ranta ya fara ɓaci, ni ma nawa ya ɓaci. Kowace amsa na bayar sai ta ƙara dagula abin. Na gane cewa in na ci gaba da yes da no, Yaya zai mutu a barandar nan muna musu. Sai na rufe ido, na shiga harhaɗa jimla cikakkiya, irin wadda ake rubutawa a allo, kalma bayan kalma, ina auna kowace. Na buɗe baki na ce, "My brother has not had any injection since he was born." Har na ji a kaina rula ta bugi tebur sau biyu.

Na ja ta da hannu zuwa waje, abin da ban taɓa tunanin zan yi wa babba ba, balle Baturiya. Na naɗe hannun rigar Yaya har kafaɗa, na dama da na hagu. Fatarsa sumul, babu tabon lamba ko ɗaya. Duk lokacin da masu lamba suka zo Kademi, cikin rumbu yake shigewa sai sun tafi. Ita da aikinta ke nan, duba damatsan mutane, ta san abin da ta gani. Ta durƙusa ta shafa damtsen, ta ɗago ta dubi Baba, ta nuna masa sirinji, ta nuna Yaya. Baba ya girgiza kai da ƙarfi, ya ce, "Wallahi bai taɓa ba." Wannan ba ta nemi fassara ba.

Da gudu ta shiga ta fito da akwatin. Ta zauna a ƙasa a kan tabarmar, ta nemi jijiya a hannunsa, ta shiga tura maganin a hankali, a hankali, idonta a kan fuskarsa, yatsunta a kan wuyan hannunsa. Daga baya na fahimci abin da take tsoro. Wanda aka taɓa yi wa allurar nan jikinsa ya ƙi ta, in aka sake yi masa numfashinsa na iya ɗaukewa nan take, kuma maganin da ake tarar wannan da shi yana cikin jakar da ta tafi Kano a mota. A lokacin ban san haka ba. Na dai ga gumi na ɗiga daga haɓarta. Yaya ya ce yana jin sanyi. Ta tsaya. Muka tsaya da ita. Ta saurari ƙirjinsa, ta jira, sannan ta ci gaba.

Kafin la'asar ya tofa yawu a kwano, na duba, na sake dubawa. Fari ne, sai ɗan ja-ja kaɗan. Goshinsa ya bushe. Motar ba ta iso ba sai gab da magariba. Washegari da safe likitar ta sake ɗibar jininsa ta ajiye a kan taga, bayan an jima ta kira ni ta kifa kwalbar a gabana. Jinin ya tsaya cak, bai motsa ba. Ta yi dariya, ni kuma na fashe da kuka.

Yaya ya tashi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Yatsu biyu sun lalace sai da aka cire su a Kano, kuma har ya bar duniya yana ɗan ɗingishi. Ko igiyar da aka ɗaure ce, ko kwanan da aka yi a gida, ko jiran da muka yi a barandar nan, ba wanda ya iya cewa.

Kafin likitar ta bar Gaya ta zo makarantarmu, ta yi magana da Malam a ƙarƙashin maɗaci. Daga nan ya shigo aji. Sannan ya yi mana bayani da Hausa, abin da bai taɓa yi ba a darasin Turanci. Ya ce Bahaushe idan an tambaye shi, mai tambayar yake amsa wa: in ka ce "Ba ka ci ba?" ya ce "E," wato gaskiyarka, ban ci ba. Bature kuwa ba ruwansa da yadda ka jero tambayarka, abin da ya faru yake amsa wa: in bai ci ba no ne, ko ta ina ka ɓullo masa. Ya ce, "Ni ma yadda kuke faɗa haka nake faɗa, haka kuma wanda ya koya mini yake faɗa. Daga yau mun daina." Mun yi mako muna wannan darasi. Har yanzu, in ina sauraron rediyo ko hirar jikokina, ina jin masu manyan digiri suna faɗawa ramin nan, su fito ba su ma san sun faɗa ba, don wanda suke magana da shi ma ɗan gida ne, ya gane nufinsu.

Da na gama aji bakwai sunana ya fito cikin waɗanda za su wuce makarantar 'yan mata ta gaba. Aka taru a zauren gidanmu a Kademi, baffannina da Gwaggo da Kaka, ina bayan ƙofa ina ji. Kusan kowa ya ce ya isa haka. An ba dagaci abin da ya nema, yarinya ta dawo gida ta kama aiki. Wani baffana ya ce ai an ga amfanin bokon, tun da Turancin nata ne ya kusa hallaka yaro. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya na zaune a gefe da sandarsa, ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

Baba ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Rabin Turanci gare ta, kuma rabin nan ya kusa kashe mini ɗa." Ya gyara zama. "Saboda haka za ta koma ta ƙaro ɗaya rabin."

Ranar tafiya Yaya ne ya ɗora akwatina a kan jaki, ya raka ni har bakin titi yana ɗingishi, ya tsaya a rana tare da ni har motar Kano ta zo.